Ma'ana ta Huɗu

Mahaifina shekara talatin da ɗaya ya yi yana buɗe wa mutane ƙofa a wani babban otal, kuma a bakin wannan ƙofar ya koyi Turancin da ya sa unguwarmu ta laƙaba masa Ƙamus. Aji uku ya yi a makaranta aka cire shi. Sauran duk tsintuwa ce. Baƙo zai sauko daga mota ya yar da magana, Baba ya tsince ta, ya zaro ɗan littafinsa daga aljihun gaba ya rubuta kafin wata motar ta tsaya. Mutumin kirki ne, ba don ya haife ni na faɗa ba. Amma akwai abu ɗaya da ba a taɓa masa, Turancin nan nasa, kuma a kansa ya yi shekara shida ba ya magana da ɗansa namiji tilo. Labarin da zan bayar ke nan, har da nawa kason laifin, don ina da shi.

Mu biyu ya haifa, Yaya da ni. Yaya yake kira Dogo, ni kuma Auta. Tun muna yara mun san rigar aikinsa fiye da yadda muka san namu kayan: baƙar kwat mai maɓallan tagulla shida, da farar safar hannu da yake wankewa da kansa, don ya ce Inna ba ta fitar da dattin tsakanin yatsu. In ya dawo sai ya rataye kwat ɗin a ƙusa, ya tsoma ƙafafunsa a roba da ruwan ɗumi, jijiyoyin ƙwaurinsa duk sun taso saboda tsayuwa, sannan ya ce a kawo littafi. Mu zauna a gabansa, ko muna so ko ba ma so.

Abin da ya fi ƙauna a Turanci shi ne abin da ya raɗa wa suna kalmomi masu wutsiya.

"Kalmar Turanci ita kaɗai ba ta cizo," in ji shi. "Kunama ce, a wutsiya take ajiye dafinta. Ku ɗauki come. Kowane jaki ya san come, zo ke nan. To liƙa mata in, ta zama shiga. Liƙa mata out, ta zama fita. Ka ga kalma ɗaya ta shigar da kai ta kuma fitar da kai."

A cikinsu duka, come round ce 'yar lelensa, don ita ce ya fi shan wahala kafin ya kama. Shafi guda ya ba ta, kowace ma'ana da wanda ya ji ta a bakinsa. Ta farko a bakin wata baƙuwa mai jar jaka, tana sallama da ƙawarta ta ce ta come round gobe, wato ta leƙo gida. Ta biyu a bakin babban kuku, lokacin da manaja ya ƙi saya wa masu tsaron ƙofa rigar ruwa. Kuku ya ce su kwantar da hankalinsu, manaja zai come round, wato zai sauko. Ya kuwa sauko, bayan ruwa ya yi wa Baba duka biyu. Ta uku ita ce zagayowar lokaci, kamar yadda damina ke come round duk shekara.

"Uku ce," Baba zai ce, ya ɗaga yatsu uku. "Leƙowa, saukowa, zagayowa. Wanda ya ce muku akwai ta huɗu, ku ce ya zo ya same ni."

Da ya ajiye aiki sai bencin ƙofar gidanmu ya zama ofis. Mai takardar makarantar yara, mai takardar da ke cikin kwalin magani, mai wasiƙar hukumar ruwa, kowa sai ya ce bari in kai wa Ƙamus. Ba ya karɓar ko sisi. Ladansa shi ne yadda ake yin tsit in ya ɗora tabarau a karan hanci, ya yi gyaran murya, ya karanta sau biyu. Gaskiya in aka kawo masa goma, takwas yana faɗa daidai. Biyun da suka rage kuwa babu mai iya ganewa, don duk layin babu wanda ya kai shi.

Sai Yaya ya gama karatunsa na awon filaye ya dawo hutu. Kuɗin wannan karatu daga tsayuwar bakin ƙofa ya fito, kowa ya sani. Inna ta rasu shekara biyu kafin nan, ni kuma aurena ya mutu na dawo gida, saboda haka ina tsakar gida ina jin komai ranar da mai wanki ya zo da tasa takardar.

Mai wanki yana rigima da hukumar kasuwa a kan filin da yake shanya, an sa musu ranar zama. Takardar ta ce an put off zaman. Baba ya karanta sau biyu ya ninke ta.

"Put off, kashewa ke nan, kamar yadda ake kashe fitila. An kashe maganar. Je ka ka yi barcinka da minshari."

Mai wanki har ya fara godiya. Yaya yana jingine da bango yana ɓarar gyaɗa, sai ya miƙa hannu ya karɓi takardar.

"A'a, Baba. Ɗage zaman aka yi zuwa ashirin ga wata. In bai je ba, filin ya tafi."

Da a nan ya tsaya, wallahi da ba a yi haka ba. Baba zai yi 'yar musu, a wuce wurin. Amma Yaya ƙuruciyar karatu tana ɗibarsa, ga mutane, sai ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Turancin bakin ƙofa ai ba ya shiga ofis, Baba."

Mai shagon da ke kallon gidanmu, wanda bakinsa ya fi shagonsa kaya, ya ce, "To fa. Karen bana shi ke maganin zomon bana." Benci ya ɗauki dariya.

Na leƙo na ga Baba ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Da ya yi magana ma bai ɗaga murya ba.

"Ƙofar nan ita ta saya maka takalmin da kake tsaye a ciki. Tunda Turancina bai wuce bakin ƙofa ba, kai ma kada ka wuce bakin tawa, sai ranar da ka dawo gaban bencin nan ka janye maganarka."

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Na manta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaya ya haɗa jakarsa da yamma. Na tare shi a soro na ce ya je ya durƙusa a wuce wurin, ya ce, "Me zan janye, Auta? Ƙarya na yi?" Na ce ba ƙarya ka yi ba, rashin kunya ka yi. Ya ce to shi Baba da ya kusa sa mutum ya rasa wurin cin abincinsa fa? Na koma wajen Baba, ya ce in na gaji da zaman gidan ni ma ga hanya. Na zage su su biyun a zuciyata, na ce ku ƙarata, kawunan duwatsu.

Haka shekara shida ta wuce. Yaya ya samu aiki a wani gari mai nisan awa huɗu a mota, ya auri wata baiwar Allah da ba ta jin Hausa ko zo in kashe ka. Baba bai je bikin ba, ni na je. Ina kiranta Anti, in Yaya ya haɗa mu a waya sai dai mu gaisa mu yi ta dariyar rashin abin faɗa, shi ya sa ban taɓa ajiye lambarta ba. Ita kuwa ta karɓi lambar Baba, duk wata sai ta turo masa gaisuwa da Turanci, wai ko zuciyarsa za ta yi sanyi. Baba ya sa mata suna 'Yar Aike a wayarsa. Da ya hango sunan sai ya danna gogewa, ko buɗewa ba ya yi. Amma ni da nake share ɗakinsa na san hoton Yaya na ranar gama makaranta yana nan a ƙarƙashin katifa. Mutumin nan yana son ɗansa kamar ransa, kuma tsufa yana ta cinsa. Abin da nake roƙon Allah kullum shi ne su ga juna kafin ɗaya ya rufe ido, kuma a lissafina Baba ne zai riga.

Ni aikina a wani ƙaramin asibiti yake. Ina wanke almakasai da kwanonin ɗakin tiyata, ina tura gadon wanda aka yi wa aiki zuwa ɗakin hutawa. Turancina bai cika cokali ba, na dai iya abin da nake ji kullum.

Wata Talata na dawo da la'asar na tarar da katifar ɗakin Yaya a jingine a tsakar gida tana shan iska. An share ɗakin, an kakkaɓe yanar gizo, har tagar da ta shekara shida a rufe an ɓalle ta. Baba yana tsaye da tsintsiya, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar manaja, amma yana ta ƙoƙarin ɗaure ta.

"Yayanki ya zo," ya ce.

Jakata ta kusa faɗuwa. Na ce yana ina?

"Da safe ya zo, bai same ni ba. Na je kasuwa karɓo sabon tabarau. Kin ga rashin sa'a, ni da ba na fita."

Na tambaye shi wa ya faɗa masa. Ya ce 'Yar Aike ce ta rubuto. Yana gwada tabaran a kan wayarsa sai saƙon ya shigo, kafin ya danna gogewa idonsa ya riga ya karanta layin farko, don yanzu yana gani tar. Ta ce ya zo da safe, ya tambaye shi, suna jira. Ya je ya tambayi mai shago, mai shago ya ce ƙwarai ya ga wata farar mota ta tsaya wajen ƙarfe goma. Daga baya muka gane motar masu kawo tukunyar gas ce. Allah ya isa tsakanina da bakin mutumin nan.

Na kira Yaya, wayarsa a kashe. Baba ya ce ƙila yana inda babu sabis, ai aikinsu na daji ne. Wani abu ya ɗan sosa min rai, don Yaya ba zai shigo gari bai neme ni ba. Na miƙa hannu.

"Mu ga saƙon, Baba."

Ya mayar da wayar aljihu, ya dube ni ta saman sabon tabarau.

"Ke ma?"

Kalma biyu ke nan, kuma su suka kashe min jiki. Na tuna abin da gyara ya jawo wa Yaya. Na ce a raina, yau da mutumin nan ya fara saukowa, ni ce zan ɓata? Na janye hannuna na ce a'a, murna ce kawai. Da Hausa ya ba ni labarin saƙon, bai furta Turancin ba ko sau ɗaya. Da ya furta, da na gane a take.

Laraba Baba bai taka ko bakin layi ba. Ya sa farar rigarsa mai guga, ya zauna a benci tun hantsi, wai kada a sake saɓani. Ya aike ni na sayo sabon zanen gado da sabulu mai ƙamshi. Duk motar da ta karyo kwana sai ya gyara zama ya ɗauki jarida kamar bai damu ba, in ta wuce ya ajiye. Mai gyaran rediyo ya kawo masa takarda, ya ce a dawo jibi, yana da baƙo. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu a gabana, na ga sunan 'Yar Aike. Ya bar ta tana yi har ta gaji.

"Baba, ka ɗauka mana."

"'Yar aike ta gama aikinta. Mai magana ya zo da bakinsa. Ya zo sau ɗaya bai same ni ba, shi ke nan sai ni in kwashi ƙafa in bi shi? Zai dawo. Na san ɗana."

Hannuna har ƙaiƙayi yake in fizge wayar. Ban fizge ba. Na shiga kicin na huce a kan tukwane.

Alhamis ma haka. Da rana ta yi sanyi na kawo masa shayi a benci, ya ce in zauna. Ya daɗe yana juya cokali.

"Auta, na duba fa."

"Me ka duba?"

"Put off ɗin nan. Wata biyu bayan tafiyarsa na shiga kantin littattafai, na ce a ba ni babban ƙamus in gani kamar zan saya. Ɗagewa ce. Gaskiyarsa."

Na ajiye kofina. "Baba, ka san haka shekara shida, ka bar mu muna wannan zaman?"

"Ba maganar ba ce ta yi min ciwo. Dariyar ce." Ya kurɓi shayin. "In ya zo gobe ba sai ya janye komai ba. Ya zauna nan kawai, a gan shi kusa da ni. Ni zan faɗa wa mai wanki da bakina cewa Dogo ne ya yi daidai."

Na ji daɗi har na yi ƙwalla. Na shiga ɗaki ina cewa Allah na gode maka, ashe zan ga wannan rana. Na sake gwada wayar Yaya, a kashe, na ce wannan ma wani salon jan aji ne, zai zo ya same ni.

Juma'a da safe Baba ya shiga wanka, ya ce in na ji tsayuwar mota in buga masa ƙofa. Ya bar wayar a kan benci, ya kife hularsa a kai. Na wuce ta sau biyu da tsintsiya. A na uku na ɗaga hular. Kira bakwai ba a ɗauka ba, duk na Anti. Na buɗe saƙon, na bi shi da yatsa a hankali yadda na iya.

"Baba, thank God, he came round this morning. He asked for you. We are waiting."

Na zauna a ƙasa. A duk kalmomin Turancin duniya, wannan ce nake ji kullum shekara tara. Likita zai fito yana cire safar hannu, ya leƙa ɗakin hutawa ya tambayi nas, "Has he come round?" Ya farfaɗo? Ni ban ma san ana leƙa gida da ita ba in ba a littafin Baba ba. A wurina kalmar mutumin da ya yi dogon suma ce, ya buɗe ido.

Na danna kira. Anti ta ɗauka tun kafin ya yi ƙara sau biyu, tana jin muryata ta fashe da kuka. Na ce ta yi magana a hankali, ta yi, ina tsintar abin da zan iya. Ranar Asabar motar aikinsu ta kife a hanyar dawowa daga awo. Kansa ya bugu, wayarsa ta farfashe, lambata tana ciki. Lambar Baba kaɗai gare ta. Ta turo saƙo Asabar, ta turo Lahadi, da sunan asibiti da lambar ɗaki, duk ta ɗauka ya karanta. Talata da safe ya farfaɗo. Ya yi kwana biyu da yini idonsa biyu, yana magana, yana shan ruwa. Jiya da la'asar ya sake komawa. Wato lokacin da nake zuba wa Baba shayi yana cewa gobe in ya zo, an riga an rufe wannan ƙofar.

Baba ya fito da tawul a wuya, kumfa a bayan kunnensa. Ya ga wayar a hannuna.

"Wa ya ba ki izinin taɓa min waya?"

Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Yaya bai zo ba, Baba. Bai taɓa zuwa ba. Yana asibiti tun Asabar, hatsari ya yi. Farfaɗowa ya yi ranar Talata ya tambaye ka, kai kana nan kana jiran mota."

Ya tsaya yana kallona. Leɓensa ya motsa kafin magana ta fito.

"Came round ta ce. Leƙowa."

"Farfaɗowa."

"Uku ce, Auta."

"Huɗu ce, Baba."

Ya nemi bango da hannu, bai same shi ba, ya zauna a kan bokitin da ya kife. Ni na goge masa kumfar, ni na sa masa riga, ni na ɗaura masa agogo, yana miƙo hannu kamar ƙaramin yaro.

Muka shiga mota, muka yi awa biyu a hanya. Muna kujerar baya, wata mata ta ɗora min kwandonta a cinya ban ma ce ta ɗauke ba. Can sai Baba ya juyo.

"Ke tun yaushe kika san ta?"

"Shekara tara. Kullum ina ji a wurin aiki."

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Wa ya isa ya faɗa maka?"

Ya juya ya ci gaba da kallon taga. Wannan amsar ma tana cikin abin da nake nadama, don gaskiya ce, amma ba ranar faɗarta ba ce. Kuma ba ta wanke ni ba. Kwana uku wayar nan tana gabana. Tsoron fushin tsoho ya hana ni miƙa hannu, na sayar da kwana biyu da yini na ɗan'uwana don a zauna lafiya.

A asibitin, ɗakin yana hawa na biyu, gado huɗu, na Yaya na bakin taga. An naɗe kansa da bandeji, an sa masa roba a hanci, wata na'ura tana ƙara a hankali a gefensa. Gadon ya yi masa kaɗan, tafin ƙafafunsa sun leƙo ta ƙarƙashin bargo. Ya yi furfura a gemu, ban sani ba sai ranar. Anti ta taso daga kujerar roba, 'yar ƙarama da ita, idanunta sun kumbura, ta riƙe hannun Baba da hannu biyu tana cewa Baba, Baba. Ko kalmar zargi ɗaya ba ta yi masa ba, kuma na san da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Likita ya shigo zagaye. Baba ya gyara tsayuwa yadda ya saba yi wa manyan baƙi, ya haɗa ƙafa, ya tambaye shi da Turanci, a hankali, yana auna kowace kalma.

"Doctor, will he come round?"

Likita ya dube shi, ya dubi takardar da ke hannunsa, ya ce sun yi iya abin da za su iya, sai addu'a. Na san wannan amsar, na sha jin ana ba wasu.

Ranar Lahadi da safe Yaya ya cika, bai sake buɗe ido ba. Baba ya rayu shekara huɗu bayansa. Bai sake karanta wa kowa takarda ba, in an kawo sai ya ce idonsa ya mutu, alhali ina ganinsa yana zura zare a allura. Ya samu mai wanki har gida ya faɗa masa abin da ya yi alkawarin faɗa, mutumin ma ya manta da zancen. Anti takan zo duk bayan wata uku da 'yar jakarta, su zauna a tsakar gida, tana koyon Hausa a wurinsa. Bai taɓa yi mata dariya ba in ta yi kuskure.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne tun ranar Juma'ar, bayan fitar likita. Anti ta ciro wayarta ta ce akwai abin da take so Baba ya taimaka mata da shi. Ta ce tunda Yaya ya farfaɗo Turanci ya gudu daga bakinsa, Hausa kawai yake yi, ita kuma ba ta ji. Akwai maganar da ya yi ta maimaitawa ranar Alhamis kafin ya koma, sai ta ɗauka a waya don ta samu mai fassara mata. Ta ce ta san Baba ne gwanin fassara, Yaya ya sha faɗa mata.

Ta danna. Muryar Yaya ta fito, a dishe, tana jan numfashi.

"Baba ya iso? ... To. Hanyar ce da nisa. Barci nake ji. In ya zo ina barci a tashe ni, kin ji? Kada a bar shi ya koma. A tashe ni."

Anti ta dubi Baba tana jira. "What did he say, Baba?"

Baba ya buɗe baki, Turanci ya ƙi zuwa. Ya sake buɗewa, ya ƙi. Sai ya miƙa min tabaransa, ya matsa jikin gadon, ya ɗora hannu a kafaɗar Yaya ya girgiza shi a hankali, yadda yake tashinsa zuwa makaranta.

"Dogo. Tashi, na zo."

Ya jira. Ya sake girgizawa.

"Dogo, ni ne. Tashi mana."

Anti ta juyo gare ni, har yanzu tana jiran fassara. Na riƙe hannunta kawai. Baba yana ta tashinsa har nas ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.